Filin Baba Sufeto: Jarabawar Kiriminoloji da Ka'idar Bincike, Amsar Littafi Daban ta Bayan Kanta Daban

Assalamu alaikum masu karatu. Satin nan saƙonnin da suka taru kusan duk na 'yan jarabawa ne, da alama zango yazo ƙarshe, su kuma yaranmu na gidan ɗan sanda masu jiran ƙarin girma sun kakkaɓe littattafan da ƙura ta binne. Masu tambayar rikicin fili da na gado kuyi haƙuri sai wani satin.

TAMBAYA: Salam Baba Sufeto dafatan kana lafiya ya iyali. Ni ɗalibi ne ina karanta kiriminoloji wato ilimin nazarin laifuka a jami'ar karatu daga gida wato NOUN, wallahi Baba sunayen turawan nan ne suke rikita ni, Lombroso ne Beccaria ne Merton ne Sutherland ne, zan haddace da daddare gari na wayewa sai inga duk sun cakuɗe kamar dambu, gashi jarabawar ta kwamfuta ce canki-canka amsoshin duk kama suke da juna. Dan Allah ka bamu tambayoyin gwaji ko kaɗan ne. Ɗanka daga Haɗeja.

AMSA: Lafiya lau ɗana, iyali suna godiya. Sunayen suna zamewa ne saboda tsurarsu kake haddacewa, ba ka rataya kowane ɗaya a wuyan wani mutum da ka sani ba. Kowanne cikinsu tambaya ɗaya yake amsawa, me yasa mutum yake laifi, kuma duk amsoshin nasu akwai mai su a unguwarku.

Fara da Beccaria, mutumin Italiya, yayi rubutunsa a 1764. Shi cewa yayi ɗan adam mai lissafi ne, yana auna riba da asara kafin ya miƙa hannu. Ga tambayar gwaji: a wajen Beccaria me yafi hana mutane laifi, tsananin hukunci ne ko tabbacin cewa za'a hukunta ka? Yawancin ɗalibai tsanani suke dannawa, saboda haka muke magana a majalisa, a kashe biyu a bainar jama'a kowa zai shiga taitayinsa. To ka faɗi. Amsar tabbaci ce, sannan a hukunta da sauri, kuma hukuncin ya zama daidai girman laifin. Mutumin ma adawa yayi da azabtarwa da hukuncin kisa.

Lombroso likita ne, shima ɗan Italiya, a 1876 yace wai akwai wanda aka haifa da laifi a jininsa, ana gane shi ta ƙoƙon kai da muƙamuƙi da kunne. In aka tambaye ka wa ya rushe wannan magana, Charles Goring ne a Ingila, 1913, ya auna fursunoni kusan 3,000 ya gwada da waɗanda ba fursunoni ba bai samu wata siffar ɓarawo ba. Muna dariya amma Lombroso bai mutu ba fa, duk wanda ya taɓa cewa kalli idon yaron nan wallahi ɓarawo ne almajirinsa ne, kuma nasha ganin an sauke yaro daga mota a shinge don askinsa kawai. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta faɗa ƙarara cewa aski ko irin sutura ko shekarun mutum basa zama dalilin zargi.

Merton, Ba'amurke, 1938. Shi yace al'umma tana cusa wa kowa burin yayi kuɗi amma bata buɗe wa kowa ƙofa ba, daga nan mutane suke rabuwa gida biyar. Gwada wannan: yaro ya gama digiri shekara biyar ba aiki, yana son mota da gida kamar kowa, ya shiga damfarar intanet, wane gida yake? Ya riƙe burin ya watsar da halastacciyar hanya, to shine mai ƙirƙiro tasa hanyar. Ma'aikacin da yake zuwa ƙarfe takwas ya sa hannu ya zauna har huɗu, ya daɗe da cire rai da komai amma baya karya doka, wannan ya riƙe hanya ya saki buri. Ɗan ƙwayan da ya saki duka biyun ya koma kango, shine mai janyewa. Sauran biyun, mai bin layi yadda aka tsara, da ɗan tawaye mai son a rushe tsarin a kafa wani. Wajen na biyu da na uku ake zubar da maki, ka kula.

Sutherland kuwa kakarka ta riga ta koya maka shi, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Laifi koyonsa akeyi wajen waɗanda ake mu'amala dasu, da dabarar da kuma hujjar da mutum zai ba zuciyarsa. Shine kuma a 1939 ya fito da maganar laifin manya masu sata da biro a ofis. Kar ka haɗa shi da Howard Becker na 1963, shi nasa maganar tambari ce, yaro ya saci kaza sau ɗaya unguwa ta sa masa suna ɓarawo, ba mai ɗaukarsa yaron shago ba mai bashi 'ya, har ya gaji yace to bari in zama abin da kuke faɗa. In tambaya tace abokai, Sutherland. In tace sunan da jama'a suka liƙa masa, Becker.

Na ƙarshe Cohen da Felson, 1979, sunce laifi baya faruwa sai abu uku sun haɗu a wuri ɗaya lokaci ɗaya, mai niyya, abin da ya dace a ɗauka, da rashin mai tsaro. Tuna ƙwacen waya a cikin adaidaita sahu bayan magariba, ga kura ga nama ba mai gadi. Mai tsaron nan kuma ba dole sai ɗan sanda ba, mai shayin bakin layi ma mai tsaro ne in idonsa yana wajen, suna son wannan tarkon sosai.

TAMBAYA: Yallaɓai barka da hutawa. Ni kurtu ne shekarata huɗu a aiki ina shirin jarabawar ƙarin girma, munyi musu a bariki har aka kusa ɓatawa, wani yace awa 24 ake tsare mutum wani yace 48 wani saje kuma yace sai ranar da aka gama bincike. Sannan in wanda ake nema ya gudu ai ana iya ɗauko babansa ko matarsa har ya fito ko? Mu dai haka muka tarar anayi. Yaronka daga Gusau.

AMSA: Ɗana wannan haka muka tarar ɗin ita ce take kayar da 'yan sanda a jarabawa fiye da rashin karatu. Mai gyara takardarka bai tambaye ka me ake yi a caji ofis ɗinku ba, me doka tace ya tambaya.

Buɗe kundin tsarin mulki na 1999 sashe na 35. Cewa yayi a kai mutum kotu cikin lokacin da ya dace, sannan ya fassara lokacin da kansa. In akwai kotun da take da hurumi a cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya. In babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta gani ya dace bisa yanayi. Kaga kenan na awa 24 da na 48 kowa ya riƙo rabin gaskiya, makin yana wajen kilomita 40 ɗin nan, wanda bai rubuta ta ba rabi zai samu. Akwai togaciya kuma a ƙasan sashen, wannan ƙa'idar bata hau kan wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Shi kuwa sajenku, in bincike bai ƙare ba hanyar itace a je gaban majistare a nemi izinin ajiye mutum, a dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 wato ACJA karon farko baya wuce kwana 14, in an kawo ƙwaƙƙwaran dalili a ƙara wasu da basu wuce 14 ba. Ba DPO ne yake bada wannan izinin ba, kotu ce. Wani abin da ake mantawa a sashen, dole a sanar da mutum a rubuce cikin awa 24, da yaren da yake ji, dalilin kama shi.

Maganar ɗauko uba ko mata, haramun ne, sashe na 7 na ACJA layi ɗaya ne tal, ba'a kama wani a madadin wanda ake zargi, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita. Zan faɗa maka abin da ban cika faɗa ba. Ina kofur a wani caji ofis da bazan ambata ba, muka ɗauko wani dattijo mai saida itace saboda ɗansa ya tsere da kuɗin wani, kwana uku yana bayan kanta, ni da hannuna na shigar da sunansa a dayari, duk safiya in na shigo sai ya gaishe ni yace ɗana an ganshi? Yaron bai fito ba, sai da 'yan uwa suka saida akuyoyi aka sake shi. Yau shekaru sun ja amma in naga tsoho da kayan itace sai gabana ya faɗi. Kuma ka duba, laifi biyu muka yi a lokaci ɗaya, domin asalin maganar ma bashi ne, sashe na 8 kuma ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Ɗan sanda ba ɗan karɓar bashi bane, kotu ake zuwa.

Ga wasu ka gwada da abokan musun naka. Wanda ake nema ya faɗa wani gida, ɗakin da ya shiga na matar kulle ce, me zakayi kafin ka kutsa? Doka tace ka sanar da ita ka bata dama ta kauce tukuna, wannan tun tsohuwar dokar tsarin shari'ar laifuka ta Arewa wato CPC yake, ACJA ta ɗauko shi. Wa yake caje mace? Mace 'yar uwarta, cikin mutunci, sai fa in larura ta gaggawa ta hana. Ƙarfe nawa ake aiwatar da warantin binciken gida? Tsofaffin handawut zasu ce maka daga biyar na asuba zuwa takwas na dare, wannan tsohuwar dokar Kudu ce, a ACJA kowane lokaci ne kowace rana har Lahadi da ranar hutu. Farar hula zai iya kama mai laifi? Zai iya in a gabansa akayi, amma ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba, banda duka, banda ɗaure shi a ofishin 'yan sintiri har kwana biyu.

Abu ɗaya ka riƙe, ACJA ta kotunan tarayya ce da Abuja, jihohi kowa da tasa, Kaduna 2017, Kano 2019, ma'anar kusan ɗaya ce amma lambar sashe tana canzawa. In baka tabbatar da lamba ba rubuta ƙa'idar daidai ka bar lambar, lambar ƙarya tafi rashinta ɓata wa mai maki rai.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Na sauko da fas kweshan kusan ɗari biyu daga intanet ina ta bi, amma naga ana ta maganar Miranda da wasu mutum goma sha biyu masu yanke hukunci, kuma wai in ɗan sanda ya shiga gida ba waranti duk abin da ya samo kotu bazata karɓa ba. Na amsa haka a tes malaminmu ya bani sifili, ni kuma a ganina daidai na rubuta. 'Yarka daga Zariya.

AMSA: Lafiya lau 'yata. Malaminki yayi daidai, kinyi karatu sosai amma na ƙasar wasu. Tambayoyin nan na Amurka ne. Miranda shari'a ce da kotun ƙolinsu ta yanke a 1966, ita ce asalin abin da kike ji a fim ana cewa kana da 'yancin yin shiru. Mu ma muna da makamancin haka amma ba da wannan sunan ba, tsarin mulki sashe na 35 ya baka damar yin shiru har sai ka gana da lauya ko wanda ka zaɓa, sashe na 6 na ACJA kuma ya ɗora wa mai kamun nauyin ya faɗa maka haka, ya faɗa maka akwai lauyan gwamnati kyauta ga mara hali, a kuma sanar da danginka ba tare da an caje ka ko kwabo ba. Mutum goma sha biyun nan bamu dasu, alƙali ne yake auna shaida shine yake yanke hukunci.

Inda kika samu sifilin kuwa, a Amurka shaidar da aka samo ta haramtacciyar hanya galibi watsar da ita akeyi. A Dokar Shaida tamu ta 2011, sashe na 14 da 15, karɓa akeyi, sai dai in alƙali ya auna yaga illar karɓar ta rinjayi amfaninta. Wato in an shiga ba waranti aka samo bindiga a ƙarƙashin katifa, bindigar nan tana iya shiga shaida, shi ɗan sandan kuma nasa hisabin daban.

Amma ikirari ba haka yake ba, kar ki haɗa. Sashe na 29 yace in an ce da duka ko barazana ko azaba aka samo amsa laifi, kotu bazata karɓa ba sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar ba tare da wani kokwanto ba cewa ba haka akayi ba. Nauyin yana kansa, ba kan wanda ake tuhuma ba. Ga tambayar da na tabbata zaki gamu da ita ko ba wannan zangon ba. Mutum biyu a kotu, na farko yace eh ni na sa hannu a sitetimen ɗin amma rataye ni akayi, na biyu yace ni ban taɓa ganin takardar nan ba, ba maganata bace. Wa za'a yiwa shari'a cikin shari'a? Na farko kaɗai, don shi maganar son rai ya tayar, sai a dakata da babbar shari'a a binciki yadda aka ɗauki bayanin. Na biyu karɓar takardar akeyi, a ƙarshe alƙali ya auna nauyinta. Sannan in ɓarawo ɗaya ya amsa laifi ya ambaci abokinsa a sitetimen, wannan bai zama shaida kan abokin ba sai in shima ya amince da ita. ACJA kuma ta kawo ɗaukar ikirari a bidiyo da ɗaukar bayani a gaban lauya ko wani da mutum ya zaɓa, kotuna sun sha watsar da sitetimen saboda rashin bin wannan. Shi kuma ɗan sandan da yayi ratayen, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25.

Ko a cikin gida ki lura da wace doka ake tambaya. Arewa kundin laifuka na Final Kod (Penal Code) muke bi, wadda ta fara aiki a 1960, an ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya, Kudu kuma Kiriminal Kod. Kisan kai mai hukuncin kisa sashe na 221 ne a tsohuwar tamu, a tasu hukuncin yana 319. In kika rubuta 319 a tambayar da ta faru a Funtuwa wani sifilin ne.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ga tambayar da aka mana a tiyori, wai kai ne ɗan sanda na farko da ya isa shagon da akayi fashi, mai shagon yana kwance cikin jini yana numfashi, ga wuƙa a ƙasa, jama'a sun cika wajen, wai jero abin da zakayi. Ni na fara da ɗaukar wuƙar kar a sace, abokina ya fara da ɗaukar hoto. Waye daidai a cikinmu? Daga wani ɗalibi a Dutse.

AMSA: Ku duka biyun kun bar bawan Allah yana zubar da jini kuna rigima kan wuƙa. Kalmar yana numfashi ba don ado aka sa ta ba. Da farko ka tabbatar ɓarayin basa nan kar kaima ka kwanta, sai ceton rai, a kai shi asibiti ko da hakan zai ɓata wata shaida, in da hali a shata inda yake kwance kafin a ɗaga shi. Bayan nan ka kori jama'a ka killace wajen, da igiya ko benci ko duk abin da ka samu, kuma ka yi shi da faɗi, ragewa tana da sauƙi amma in ka matse to sawun da ke waje an riga an tattake. Wannan shine mafi wuya a garuruwanmu, kafin ka iso mutum hamsin sun shiga, wani ya ɗaga wuƙar yana nuna wa mutane, wata baiwar Allah ta kawo bokiti zata wanke jinin don tausayi. Ka ware shaidu kar su zauna tare suna haɗa labari, ka rubuta lokaci da sunan duk wanda ya shiga ya fita har da oga. Sai hoto da zane da awo, kowane abu a inda yake. Ɗaukar wuƙa ita ce kusan ƙarshe, da safar hannu, ba ta inda aka riƙe ta ba.

Dalilin duk wannan wahalar magana ɗaya ce ta Edmond Locard, Bafaranshen da ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a birnin Liyon a 1910, duk wanda ya taɓa wuri sai ya bar wani abu ya kuma tafi da wani abu. Ta hau kan ɓarawo, ta hau kanka kaima.

Za'a iya biyo ka da ƙananan tambayoyi. Riga mai jini a leda ake sa ta ko a takarda? A bari ta sha iska ta bushe a inuwa sannan a sa a jakar takarda, leda tana riƙe danshi ta yi fumfuna shaidar ta lalace, mu kuma komai leda. Zanen yatsa kala uku ne, mai lanƙwasa kamar madauki shi yafi yawa, sama da kashi 60 cikin ɗari, sai mai zagaye, sai mai kamar baka shine mafi ƙaranci wajen kashi 5. Hassan da Usaini masu kama ɗaya, gwajin DNA na yau da kullum baya raba su amma zanen yatsa yana rabawa. Sanƙarewar gawa tana farawa awa biyu zuwa shida bayan mutuwa, ta cika wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu, amma wannan lissafin ƙasar sanyi ne, a zafin Afrilu na Maiduguri komai sauri yake. Ga kuma dangi a tsaye suna so a basu gawa ayi sutura kafin la'asar, in baka samu hoto da rahoton likita a wannan ɗan tsakanin ba shikenan.

Sai abin da ɗalibai suke ganin kamar aikin akawu ne, rubuta hannun da ekzibit wato kayan shaida ya bi. Wa ya ɗauka, ƙarfe nawa, ya ba wa, wa ya kai ɗakin gwaji, wa ya dawo da shi, kowa da sa hannunsa. In kayi islamiyya ka riga ka sani, isnadi ne. Hadisi ko matanin yayi kyau in aka samu gurbi a masu ruwaya sai ace ya yanke, haka wuƙar nan, in ta kwana biyu a durowar wani ba rubutu, lauya zai miƙe yace ina tabbacin ita ce, kuma yana da gaskiya.

Ga kyauta. Wa aka fara kamawa da DNA a shari'ar kisa? Colin Pitchfork a Ingila, aka yanke masa hukunci a 1988, da dabarar da Alec Jeffreys ya gano a jami'ar Lesta a 1984. Amma abin da gwajin ya fara yi kafin nan shine wanke wani matashi ɗan shekara 17 da ya riga ya amsa wa 'yan sanda cewa shi yayi ɗaya daga cikin kisan. Ka ajiye wannan misalin, duk ranar da aka ce tattauna ko ikirari kaɗai ya isa, dashi zaka buɗe.

TAMBAYA: Baba dan girman Allah in kana da wani a ciki ka taimaka mana da ainihin tambayoyin da zasu fito na shiga makarantar 'yan sanda ta Wudil, akwai wanda yace mu tura dubu ashirin zai samu a guruf. Daga Bichi.

AMSA: Bani da kowa ɗana, in ma ina da shi bazan baka ba. Dubu ashirin ɗinka kuma ka riƙe abarka, mai guruf ɗin nan Merton ya riga ya faɗi gidansa a sama.

TAMBAYA: Baba ni ba ɗaliba bace, ƙanina aka kama kan faɗa naje zan tsaya masa akace mace bata beli sai na kawo namiji mai gida, kuma wai da dubu goma na takarda. Ɗiyata mai karatun lauya tace ƙarya ne har a jarabawarsu an tambaya. Wa zan yarda da shi? Daga wata uwa a Katsina.

AMSA: Hajiya ki yarda da ɗiyarki, Allah ya mata albarka. ACJA sashe na 167 ya hana a ƙi mutum tsayawa wani don kawai mace ce, abin dubawa shine ana san inda kike kuma zaki iya kawo shi ranar da aka neme shi. Belin caji ofis kuma kyauta ne, ba kuɗin takarda ba kuɗin biro. Ki koma da ita da katin shaidarki, ku nemi ganin DPO da kansa ba na kan kanta ba, kuyi magana a hankali ba hayaniya. In an ƙi, ofishin lauyoyin gwamnati masu taimakon marasa hali yana nan, kuma doka ta ɗora wa majistare ya riƙa zagaya caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata yana duba waɗanda ke tsare, yana da ikon bada beli a nan take in laifin yana cikin huruminsa.

'Yan jarabawa ga ta gida, ku turo amsa kafin Alhamis. Yaro ɗan shekara 19 ya nuna wa mace wuƙa a adaidaita sahu ya karɓe wayarta, bai taɓa jikinta ba, wayar bata kai dubu talatin ba, aka kama shi washegari ya riga ya saida ta ga wani mai gyaran waya a kan dubu biyar. Sata ce ko fashi ko fashi da makami, wace kotu ce take da hurumi, kuma shi mai gyaran me za'a tuhume shi da shi?